Suna Na Jarumi, Dukiya Ta Kamfani: Gwagwarmayar 'Yan Fim Ɗin Amurka Na Da

A maƙabartar Hollywood da ke birnin Los Angeles akwai wani kabari da ya haura shekara 50 babu ko dutsen da ke nuna wanda ke kwance a ciki. Mai kabarin ita ce Florence Lawrence, 'yar asalin Kanada, wadda masana tarihin fim da dama ke cewa ita ce 'yar wasa ta farko da aka tallata fim da sunanta a Amurka. Kafin 1910 kamfanonin fim ba sa bayyana sunayen 'yan wasansu, don gudun kada su san darajarsu su nemi ƙari. Masu kallo sun haddace fuskar Florence, amma iyakar abin da suke kiran ta da shi shi ne Yarinyar Biograph, wato sunan kamfanin da take yi wa aiki. Sai wani ɗan kasuwa mai suna Carl Laemmle, wanda daga baya ya kafa kamfanin Universal, ya janye ta zuwa wurinsa. A farkon 1910 aka baza jita-jita cewa ta mutu a hatsari, Laemmle ya fito a jarida ya ƙaryata, ya kuma kai ta birnin St. Louis jama'a suka gan ta ido da ido. Tun daga ranar sunan ɗan wasa ya zama haja.

Florence ta fito a finafinai kusan 300. Ta ji mummunan rauni wajen ɗaukar wani fim da aka kunna wuta a cikinsa, tauraronta ya dusashe, abin da ta tara kuma ya tafi a karyewar tattalin arzikin 1929. A ƙarshen rayuwarta kamfanin MGM ne ke ba ta 'yan ƙananan fitowa a kan dala 75 a mako. Ta kashe kanta a watan Disamban 1938. Sai a 1991 wani ɗan wasa, Roddy McDowall, ya biya kuɗi aka sa wa kabarinta alama.

Mai kallo yakan ɗauka duk wanda fuskarsa ta cika allon silima ya yi sallama da talauci har abada. Ni kuwa da na bi rayuwar waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, na ga abu uku ne ke raba wanda ya tsufa cikin rufin asiri da wanda ya tsufa yana neman taimako: abin da aka rubuta a takardar da ya sa wa hannu, wanda ya mallaki fim ɗin bayan an gama shi, da wanda zai tsaya masa ranar da ƙarfi ya ƙare. Yawan masoya bai taɓa shiga wannan lissafi ba.

Wadda ta riga kowa gane haka ita ce Mary Pickford. Ita ma 'yar Kanada ce, kuma a Biograph ta fara. Amma ta iya ciniki. A 1916 ta sa hannu a yarjejeniyar da ke ba ta dala 10,000 a mako da rabin ribar finafinanta. A 1919 ita da Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks da darakta D. W. Griffith suka kafa United Artists domin su riƙa rarraba finafinansu da kansu. A 1921 kuma tana cikin waɗanda suka kafa asusun agaji na 'yan fim da sana'a ta juya wa baya. Mata biyu, ƙasa ɗaya, kamfani ɗaya, amma ɗaya ta mutu attajira a 1979, ɗaya kuwa ko alamar kabari ba ta samu ba.

Kwantiragin shekara bakwai

Daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa ƙarshen shekarun 1940, kamfanoni takwas ne suka riƙe wuyan harkar. Biyar daga ciki, MGM da Paramount da Warner Bros. da Fox da RKO, su ke shirya fim, su ke rarraba shi, su ne kuma masu manyan gidajen silima na birane. Sauran ukun su ne Universal da Columbia da United Artists. Mai ƙaramin gidan silima da ke son fim ɗin babban tauraro, dole ya haɗa da tarin wasu finafinan da ko gani bai yi ba. Tunda kasuwa a hannunsu take, ɗan wasan da ya ɓata da su ba shi da wurin zuwa.

Takardar da ake miƙa wa sabon shiga ita ce kwantiragin shekara bakwai. Shi an ɗaure shi shekara bakwai cur, kamfani kuwa duk bayan wata shida yana da zaɓi, ya sabunta ko ya sallame shi. Kamfani ke zaɓa masa fim, kamfani ke zaɓa masa matsayin da zai fito. In ya ce bai yarda ba, a dakatar da shi ba albashi, sannan a ɗauki kwanakin dakatarwar a ƙara a ƙarshen kwantiragi. Kamfani na iya ba da aronsa ga wani kamfani a kan kuɗin da ya fi albashinsa, rarar ta zauna a aljihun mai ba da aro. Da irin wannan aro ne MGM ya tura Clark Gable kamfanin Columbia, inda ya yi It Happened One Night a 1934, fim ɗin da ya ba shi lambar Oscar.

Ko sunan yanka ba a bar musu ba. Marion Morrison ya koma John Wayne, Archibald Leach ya koma Cary Grant, Frances Gumm ta koma Judy Garland. Lucille LeSueur kuwa gasa aka sa a wata mujalla a 1925, masu karatu suka zaɓa mata Joan Crawford. Margarita Cansino, wadda mahaifinta ɗan Sifaniya ne, kamfanin Columbia ya ga kamanninta sun yi na baƙi da yawa, aka cire gashin gaban goshinta da na'urar lantarki, aka rina sauran ja, ta zama Rita Hayworth. A cikin takardar akwai kuma sharaɗin ɗa'a, wanda Universal ya fara sawa a 1921, da ke ba kamfani ikon korar duk wanda ya jawo abin kunya. Da wannan sharaɗi kamfani ya samu ƙofar shiga aure da saki da soyayyar ma'aikacinsa.

Adalci ne in faɗi cewa tsarin yana da nasa alherin. Yarinyar da ta fito daga ƙauye ba ta san kowa ba, za a koya mata magana da rawa da waƙa da hawan doki, a biya ta duk mako a lokacin da miliyoyin Amurkawa ke yawon neman aiki. Yawan aikin ma makaranta ne, domin wanda ke yin fim biyar ko shida a shekara dole hannunsa ya faɗa. Sai dai duk fim ɗin da aka gama ya zama na kamfani har abada, ko sau dubu aka nuna shi ɗan wasa ba shi da ko anini bayan albashinsa. Abin da Hausawa ke cewa ne, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yara da baƙaƙen fata

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne waɗanda ba su da bakin magana. Jackie Coogan yana ɗan shekara shida ya fito tare da Chaplin a The Kid a 1921, ya zama yaron da ya fi kowane yaro suna a duniya. An ƙiyasta ya samar da dala miliyan 3 zuwa 4. Da ya girma ya nemi dukiyarsa sai ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun kashe mafi yawanta, kuma dokar lokacin ta ce abin da yaro ya samu na iyayensa ne. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya shigo hannunsa bayan ɗawainiyar shari'a dala 126,000 ne. Wannan ya sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939 da ke tanadar a keɓe wa yaro wani kaso na abin da ya samu, kuma har yau da sunan Coogan ake kiran ta.

Judy Garland tana da shekara 13 MGM ya ɗauke ta a 1935. Ta sha faɗa da bakinta cewa tun tana yarinya ake ba ta ƙwayar hana barci da rage ƙiba don ta jure aiki, da dare kuma a ba ta ta barci. The Wizard of Oz na 1939 ya sa duniya ta san muryarta. Da shaye-shayen ya fi ƙarfinta ta kasa zuwa aiki a kan lokaci, kamfanin ya rabu da ita a 1950. Ta rasu a Landan a 1969 tana da shekara 47, da bashi a kanta. Duk lokacin da na ji waƙoƙinta sai na tuna cewa manya ne suka ɗora ta a wannan hanya, suna sane.

Baƙar fata kuwa, ko kwantiragin da farare ke kuka da shi ba kasafai yake samu ba. Hattie McDaniel, 'yar wasu bayi da aka 'yanta, ta fito a matsayin 'yar aikin gida fiye da sau 70. Da aka yi bikin fara nuna Gone with the Wind, fim ɗin da ta fito a ciki, a birnin Atlanta a watan Disamban 1939, dokar wariyar launin fata ta hana ta halarta. Ranar 29 ga Fabrairun 1940 ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, amma a otal ɗin da aka yi bikin, tebur daban aka ba ta a gefen bango, nesa da abokan aikinta. 'Yan'uwanta baƙaƙe sun soke ta da cewa tana zubar musu da mutunci, an kuma ruwaito ta tana ba da amsa cewa gara ta fito a 'yar aiki a biya ta dala 700 a mako, da ta zama 'yar aikin gaske a kan dala 7. Ba na ganin laifinta, laifin na waɗanda suka toshe sauran ƙofofin ne. Ta bar wasiyyar a binne ta a maƙabartar Hollywood, da ta rasu a 1952 masu maƙabartar suka ƙi. Sai a 1964 Sidney Poitier ya zama baƙar fata na farko da ya ci Oscar a matsayin babban jarumi.

Ƙungiya da kotu

A watan Maris na 1933, lokacin da aka rufe bankunan Amurka na ɗan lokaci, kamfanonin suka yanke rabin albashin ma'aikatansu na mako takwas. Cibiyar da ke ba da Oscar, wadda Louis B. Mayer na MGM ya assasa a 1927 da sunan sasanta ma'aikata da masu gida, ta goyi bayan ragin. Nan 'yan wasa suka gane ba su da kowa. A shekarar wasu 'yan ƙalilan suka fara taro a ɓoye a gidajen junansu, suka kafa ƙungiyar 'yan wasan fim da ake kira SAG, Ralph Morgan ya zama shugaban farko. Cikin waɗanda suka kafa ta har da Boris Karloff, wanda aka ruwaito an taɓa riƙe shi awa 25 a jere wajen ɗaukar Frankenstein, da nauyin kwalliyar dodo a jikinsa. Kamfanoni suka yi biris da ita shekara huɗu. Sai a watan Mayun 1937, da dubban 'yan wasa suka amince da tafiya yajin aiki, masu gida suka sauko. Yarjejeniyar farko ta sa mafi ƙarancin ladan ɗan wasa dala 25 a yini. Manyan taurari ba su ƙaru da komai a wannan adadi ba. Sun sa sunansu ne don ƙananan da ba a jin muryarsu, kuma a ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi a tarihinsu.

Amma kwantiragin shekara bakwai yana nan daram. Bette Davis ta gwada ƙarfinta a 1936. Bayan ta ci Oscar, Warner Bros. ya ci gaba da ba ta finafinan da take ganin ba su kai darajarta ba, sai ta tsallaka Ingila don ta yi aiki a can. Kamfanin ya bi ta har kotun Landan, ya yi nasara, ta dawo gida da bashin lauyoyi.

Wadda ta karya ƙofar mace ce da ba wanda ya zaci tana da wannan taurin kai. Olivia de Havilland ta yi suna da fitowa a matsayin salihar budurwa, finafinai takwas ta yi tare da Errol Flynn, ciki har da The Adventures of Robin Hood na 1938. Da aka ba da aronta ta fito a Gone with the Wind ta nuna tana da abin da ya wuce haka, amma da ta dawo Warner Bros. sai aka mayar da ita gidan jiya. Ta riƙa ƙin wasu finafinan, ana dakatar da ita. A 1943 shekara bakwai suka cika, ta yi shirin tafiya, aka ce mata da saura, akwai bashin wata shida na dakatarwa.

Lauyanta, Martin Gang, ya nuna mata wata tsohuwar doka ta jihar Kalifoniya wadda ta hana a tilasta wa mutum kwantiragin aiki fiye da shekara bakwai. A watan Agustan 1943, tana da shekara 27, ta shigar da ƙara. Hujjar kamfani ita ce shekara bakwai na nufin shekara bakwai na aikin da aka yi a zahiri. Hujjarta ita ce shekara bakwai na kalanda ne, daga ranar da aka fara. Jack Warner na Warner Bros. ya aika wa sauran kamfanoni takarda kada kowa ya ɗauke ta, ta yi kusan shekara biyu ba ta tsaya gaban kyamara ba, a daidai lokacin ganiyar ƙuruciyarta. Ta cike lokacin da ziyarar sojojin da ke jinya a asibitocin yaƙi. Kotun farko ta ba ta gaskiya, kamfani ya ɗaukaka ƙara, ranar 8 ga Disamban 1944 kotun ɗaukaka ƙara ta sake ba ta gaskiya, kotun ƙolin jihar kuma ta ƙi sauraron kamfanin. Hukuncin ya amfani har 'yan wasan da suka tafi Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda da an lissafa musu shekarun soja a matsayin bashi. Ita kuwa da ta samu 'yancin zaɓar aikinta, ta ci Oscar sau biyu, da To Each His Own na 1946 da The Heiress na 1949. Ta rasu a Paris a 2020 tana da shekara 104.

Ƙungiyar ma tana da tabonta, kuma ɓoye shi rashin gaskiya ne. Daga 1947 wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ya shiga farautar waɗanda ake zargi da ra'ayin kwaminisanci a Hollywood, kamfanoni suka buɗe baƙin littafi, ɗaruruwan mutane suka rasa abinci. Gale Sondergaard, mace ta farko da ta ci Oscar ta mataimakiyar jaruma, ta rubuta wa ƙungiyar a 1951 tana neman a tsaya mata, shugabannin suka ƙi. Ba ta sake fitowa a fim ba sai 1969. Philip Loeb, wanda aka cire daga wani shirin talabijin saboda zargin, ya kashe kansa a 1955. Ɗan wasa Paul Robeson kuwa, gwamnati ta ƙwace fasfonsa daga 1950 zuwa 1958. Ƙungiyar da ta iya fuskantar masu kuɗi ta tsorata a gaban 'yan siyasa.

Zuwan talabijin

Abu biyu suka rushe tsohon tsari. A watan Mayun 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar gwamnati da Paramount da sauran kamfanoni, wanda ya kai ga raba su da gidajen silimansu, ya kuma hana tilasta wa masu silima sayen finafinai a dunƙule. Sannan talabijin ya shigo. A 1950 kashi 9 cikin 100 na gidajen Amurka ke da akwatin, zuwa 1960 an kusa kashi 90. Kamfanoni suka shiga sallamar 'yan kwantiragi. Clark Gable kansa ya bar MGM a 1954 bayan fiye da shekara 20.

A wannan rikici aka ga masu hangen nesa. A 1950 Universal ba shi da kuɗin biyan James Stewart, sai wakilinsa Lew Wasserman ya ce a bar albashi, a ba shi kaso cikin riba. Fim ɗin kaboyin, Winchester '73, ya karɓu, aka ƙiyasta Stewart ya samu wajen dala 600,000, ninki uku na abin da aka saba biyan sa. William Boyd, wanda ya yi finafinai 66 a matsayin kaboyi Hopalong Cassidy, ya sayar da gonarsa da kadarorinsa ya tara dala 350,000 ya sayi haƙƙin mallakar tsofaffin finafinansa, a lokacin da ake ganin sun gama yayi. A 1949 tashar NBC ta fara nuna su, ya zama miloniya.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Lucille Ball. A shekarun 1930 'yar kwantiragi ce a RKO, tana fitowa a ƙananan finafinai. A 1951 tashar CBS ta so ta yi shirin barkwanci na I Love Lucy kai tsaye daga New York, kamar yadda aka saba. Ita da mijinta Desi Arnaz suka ce a Los Angeles za su yi, kuma a ɗauka a faifan fim mai inganci. Aka ce da tsada. Suka yarda a rage musu dala 1,000 a mako, da sharaɗin faifan ya zama nasu. Masu tashar suka amince, don ba wanda ya yi tunanin za a so sake kallon shirin da aka riga aka gani. Bayan 'yan shekaru CBS ta sayi faifan nan a kan sama da dala miliyan 4, a 1957 kuma kamfaninsu, Desilu, ya sayi filayen ɗaukar fim na RKO, inda ta taɓa zama ƙaramar ma'aikaciya. A 1962 ta saye kason Arnaz ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfani irin wannan. A ƙarƙashinta aka fara Star Trek da Mission: Impossible a 1966, ta sayar da kamfanin a 1967 a kan dala miliyan 17.

A ɗaya gefen ga 'yan barkwancin nan uku, Three Stooges. Shekara 24 suka yi wa Columbia aiki, gajerun finafinai 190. A ƙarshen 1957 aka sallame su. A 1958 kamfanin ya zuba finafinan a talabijin, yara suka rungume su, kuɗi ya riƙa kwarara, su kuwa ba su da kaso a ciki. Clayton Moore, wanda ya fito a matsayin Lone Ranger daga 1949 zuwa 1957, ya ci gaba da neman abinci da sa baƙin takunkumin idon da jarumin ke sawa a wuraren taro. A 1979 kamfanin da ya mallaki labarin ya samo umarnin kotu da ya hana shi sawa, sai ya koma sa baƙin tabarau har zuwa 1984 da aka janye. Fuskar tasa ce, amma takunkumin na masu takarda ne.

Yajin aikin 1960

Tambayar da ta rage ita ce: idan aka sayar wa talabijin tsohon fim, ɗan wasa yana da haƙƙi? Kamfanoni suka ce ba a biyan mutum sau biyu a kan aiki ɗaya. Ƙungiya ta ce to me ya sa ku kuke karɓa sau biyu? Ranar 7 ga Maris 1960 'yan wasa suka ajiye aiki, a ƙarƙashin shugabancin Ronald Reagan, wanda shi ma Warner Bros. ya ɗauka a 1937 a kan dala 200 a mako, wanda kuma daga baya ya zama shugaban Amurka a 1981. Marubuta ma suna nasu yajin. Aka tsayar da finafinan da Marilyn Monroe da Elizabeth Taylor ke cikin ɗauka.

Bayan mako shida aka sasanta. Duk fim ɗin da aka yi daga 1960 zuwa gaba, ɗan wasa zai samu kuɗin maimaici idan an nuna shi a talabijin. Finafinan 1948 zuwa 1959, kamfanoni suka biya dunƙulallen kuɗi sama da dala miliyan 2, aka kafa asusun fansho da na lafiya da shi. Na kafin 1948 kuwa babu komai. Tsofaffi da yawa sun ce an sayar da su. Mickey Rooney, wanda ya fi kowane tauraro kawo kuɗi a 1939 da 1940 da 1941, ya mutu yana wannan ƙorafi. Da ya rasu a 2014 yana da shekara 93, abin da aka ruwaito ya bari dala 18,000 ne. Na fahimci ɓacin ransa, amma ina ganin yarjejeniyar ta yi daidai: tsara ɗaya ta haƙura da nata don na baya su samu fansho da magani, kuma suna samu har yau.

'Yan talabijin ma sai a hankali. Da farko kuɗin maimaici yana tsayawa ne bayan 'yan nuni kaɗan, sai a shekarun 1970 aka cire iyakar. Shi ya sa 'yan wasan Gilligan's Island, shirin da aka yi daga 1964 zuwa 1967 aka kuma shekara da shekaru ana maimaita shi, ba su samu abin kirki ba. A 2018 sai da aka buɗe wa ɗaya daga cikinsu, Dawn Wells, asusun neman taimako a intanet don biyan kuɗin asibiti.

Abin da ya rufa wa da yawa asiri shi ne asusun nan na su Mary Pickford. A 1932 aka tsara cewa duk mai samun sama da dala 200 a mako zai riƙa ba da rabin kashi 1 cikin 100 na albashinsa. Da wannan da wasu gudummawa aka buɗe gidan tsofaffin 'yan fim a Woodland Hills a 1942, aka ƙara asibiti a 1948. A can Hattie McDaniel ta cika, a can Larry Fine na Three Stooges ya ƙare kwanakinsa a 1975, haka Norma Shearer, wadda a da ita ce sarauniyar MGM. Gidan yana aiki har gobe.

Gwagwarmayar kuma ba ta ƙare ba, domin duk sabuwar fasaha da tsohuwar tambaya take zuwa. A 1980 an yi yajin wata uku a kan kaset ɗin bidiyo. A 2023 an yi na kwana 118 a kan manhajojin kallo ta intanet da ƙirƙirarriyar basira, kuma a lokacin ƙungiyar, mai mambobi kusan 160,000, ta bayyana cewa fiye da kashi 80 cikin 100 nasu ba sa samun dala 26,470 a shekara, adadin da ake buƙata a wancan lokacin kafin a shiga inshorar lafiyarta.

Abin da ya shafe mu

Waɗannan fuskoki ba baƙi ba ne a wurinmu. Tun da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937, finafinan kaboyi da na 'yan daba na Amurka suka shiga rayuwar samarin birane, kafin na Indiya su mamaye. Oumarou Ganda na Nijar, a fim ɗin Jean Rouch na 1958 da aka ɗauka a Abijan, da laƙabin jarumin Amurka Edward G. Robinson ya fito. A 1966 Moustapha Alassane ya shirya fim a kan samarin Nijar da suka sa hular kaboyi suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Iyayenmu sun biya kuɗin tikiti sun tafa wa jaruman nan, alhali mafi yawansu ko kobo ba ya isa gare su.

Yau muna da tamu masana'antar, wadda ta faro da finafinan kaset a wajajen 1990, kuma 'yan wasanta na farko sun fara tsufa. Kowa ya sha ganin hoton wani dattijo ko dattijuwa da muka tashi muna kallo, ana yaɗa shi a waya ana neman taimakon kuɗin magani, a daidai lokacin da tsofaffin finafinansu ke yawo a YouTube da tashoshin talabijin. Ina kira ga 'yan wasanmu, manya da ƙanana: kada ku tsaya gaban kyamara sai da takarda, kuma a rubuta a cikinta abin da za ku samu idan an sake sayar da fim ɗin. A keɓe wa yara kasonsu har su girma. A kafa asusun da kowa zai riƙa zuba ɗan abin da ba zai gagare shi ba, a damƙa shi ga amintattu masu ba da lissafi a fili. Manyan jarumai su ne za su fara, domin su ake jin maganarsu. 'Yan fim ɗin Amurka sun yi shekara 50, daga 1910 zuwa 1960, kafin su samu fansho. Mu da muka ga hanyar da suka bi ba mu da uzurin ɗaukar wannan tsawon lokaci.